Yadda Na Kai Akushin Baba Kumasi

A da, idan ka taso daga ƙauyenmu ka nufi Tsanyawa ranar kasuwa, kafin ka hangi rumfuna za ka fara jin saran gizago. Masassaƙa suna da layinsu a ƙarƙashin wasu maɗatai uku, ga turame da taɓare, ga kujerun mata, ga akusa baƙaƙe an kife su a jere. Mahaifina yana cikinsu. Yau maɗatan nan babu ko kututturensu, wurin ya zama na masu robobi da kwanonin silba. Gonaki sun haɗe da juna tun daga bakin garinmu har Kunci, ba ka ganin itace sai gawo da ɗorawar da mai ita yake gadi. Ko mutum ya iya sassaƙa, me zai sassaƙa?

Tun da na dawo daga Kumasi, 'yan majalisarmu ba su bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Kullum sai wani ya ce, "Alhaji Haruna, wai yaya ƙasar Tonawan take yanzu?" Nakan ba su labarin abinci da na hanya, in tsallake abin da ya kai ni. To ga shi nan duka, wanda ya iya karatu ya karanta wa sauran.

Ni ban gaji Baba ba. Ina saurayi na guje wa gizago, don a ganina sana'ar zama a ƙasa ce, na bi fatake. Shekara arba'in ina fataucin goro da atamfa, na zauna a Yamai, na zauna a Abijan, na yi Kumasi, na leƙa Hartum da Jidda, a nan na tsinci Faransanci da Larabci da Turancin da nake yi, da ɗan abin da ba a rasa ba na Tonanci, harshen mutanen Kumasi. Sai da ƙafa ta gaji na dawo gida, sannan sha'awar itace ta kama ni. Na sayi ɗan injin juya katako a Kano, irin wanda ake ɗaure guntun itace yana juyawa kana yanka shi da ƙarfe, na kafa shi a zaure. Ina yin 'ya'yan carbi da kawunan sanda da ƙananan kwanoni, ba don sayarwa ba. 'Yan majalisa suka sa mini suna masassaƙin lantarki. Ta wannan sha'awar na shiga wani zaure na waya inda masu irin ta daga ƙasashe suke nuna wa juna aikinsu, a nan na san wani dattijo a Kumasi mai suna Kwaku. Shi gwani ne wajen aiki da rezin, wani ruwan roba mai kama da narkakken ƙaro, wanda ake zubawa a tsagar katako ya daskare kamar gilashi.

Cikin duk abin da Baba ya sassaƙa, abu ɗaya ne ya rage a hannunmu, akushi na itacen danya. Yana wajen yayata, Yaya Binta, wadda ta ba ni shekara tara, kuma mu biyu kaɗai muka rage a ɗakinmu. Yanar ido ta rufe mata gani, sai dai laluba da hannu. A cikinsa take cin tuwo tun rasuwar Baba, kuma duk Juma'a sai ta shafe shi da man kaɗanya yadda ta ga ana yi a gidanmu. Bara ya tsage daga baki har kusa da gindi, miya ta fara bin tsagar.

"Auta," ta ce da ni, don har yau haka take kirana, "ko ka san inda mai gyartai ya rage? A sa masa ƙarfe biyu ya kama."

"Gyartai kuma a wannan zamani, Yaya? Ba ni shi. Akwai mutumina a Kumasi, zai cike tsagar nan ko ke ba za ki gane inda take ba."

"Kumasi? Don tsagar akushi?"

"Ai da ma ina son in je."

"Kai dai tun kana yaro ba a aiken ka kusa," in ji ta. Ta naɗe shi da tsohon zanenta, ta cusa ɗan gwangwanin man kaɗanya a ciki, ta miƙo mini da hannu biyu.

Daga Tsanyawa na shiga ƙaramar bas zuwa Kano da ƙunshin a cinyata. Kwandasta ya nace sai an sa shi a but tare da buhunan wake. Na ce ba zai shiga ba. Ya ce ko zinare ne? Wata mata a bayana ta ce, "Ka bar tsoho da kayansa, wataƙila lefe zai kai." Aka yi dariya, aka bar ni.

A zamanin da nake fatauci ta arewa muke bi, Katsina, Maraɗi, Yamai, Wagadugu, mu gangara. Yanzu kowa ya ce kada in kuskura, don haka na bi doguwar mota zuwa Legas. Abokin zamana wani Inyamuri ne mai sayar da kayan gyaran mota, haifaffen Sabon Gari, Hausarsa ta fi ta jikokina tsabta. Da na nuna masa abin da na ɗauko, ya daɗe yana juya shi, sannan ya ce kakarsa ma tana da irin wannan na zuba goro, da ta mutu 'ya'yanta suka hura wuta da shi. Bayan mun wuce Lakwaja muka fara riskar tireloli ɗauke da gumagumai, duk sun nufi teku. Na gane itacen daga jan cikinsa, madobiya ce. Baba yakan yi tafiyar yini biyu don reshe ɗaya nata, kuma sai ya nemi izinin mai gonar. Ga ta nan jibge kamar rake, ana kai wa waɗanda ba su san sunanta ba. Na fara ƙirga motocin, daga baya na bari.

Tsakanin Legas da Gana iyaka uku ce. A ɗaya daga cikinsu, ba sai na faɗi wacce ba, wani jami'i ya kwance zanen Yaya a kan teburinsa, ya ga baƙin akushi da zanen wuta a bakinsa, sai fuskarsa ta sauya. Ya ce da ni da Faransanci wannan kayan tarihi ne, ba a fita da shi sai da takarda daga babban birni. Na ce kwanon tuwon yayata ne. Ya ce kowa haka yake faɗa. Motarmu tana jira, direba yana ta danna oda. Da na ga magana ba za ta yi ba, na kwance jakata na ɗebo garin kwaki na zuba a ciki, na tsiyaya ruwan leda, na sa sukari, na tsaya a gabansa na fara sha da hannu. Ruwan ya bi tsagar ya malala a teburin, ya nufi takardunsa. Ya yi wuf ya kwashe su.

"Baba, ɗauki abinka ka tafi," in ji shi. "Ka jiƙa mini aiki."

Wata 'yar kasuwa da ke bayana a layi ta ce da ta san haka ake wucewa da ta zo da cokali.

Kwana huɗu na yi kafin in ga Kumasi. Garin da na sani ya ɓace a cikin wani garin. Na nufi zango, gidan Alhaji Garba wanda nake sauka wurinsa a da, sai na tarar ya shekara shida da rasuwa, ba wanda ya gaya mini. Zauren da muke shimfiɗa goro ya zama shagon waya. Ɗansa, Alhaji Nuhu, wanda na bari yana rarrafe, shi ya karɓe ni da furfura a gemunsa, ya ba ni ɗaki a bayan gida wanda har yanzu ƙamshin ganyen goro bai gama barin bangonsa ba. Ruwa sai an saya, sauro kuwa kyauta. Hausar zango tana nan yadda na bar ta, mace da namiji duk "ya zo" ne, kuma su a ganinsu mu ne muke wahalar da harshe. Da safe koko mai yaji da ƙosai, da rana shinkafa da wake da aka dafa da karan dafi har ta yi ja, ana tula mata taliya da gari da ƙwai a kan ganye. Tuwonsu kuwa na rasa inda zan sa shi, ruwa-ruwa ne, in ka gutsura sai ya bi yatsunka. Na ce da matar Alhaji Nuhu a garinmu wannan kunu ne da ya yi girman kai. Ta ce a garinsu namu dutse ne da ya yi laushi.

Kwaku yana zaune a bayan gari. Dogo ne siriri, Kirista, ya kusa sa'ana, ya yi aikin haɗa magani a asibiti har ya yi ritaya. Ɗakin aikinsa ya fi ɗakin kwanan wasu tsabta. Yana sa safar hannu, yana auna ruwa biyu a sikeli kamar mai haɗa wa jariri magani, in an gauraya su ne suke zama rezin. Ya nuna mini teburan da ya yi, katako biyu da shuɗin rezin yana ratsa tsakaninsu kamar kogi. Matarsa ta yi mini sakwarar rogo da ayaba, ta aika har zango aka sayo naman akuya daga mahaucin Musulmi saboda ni. Na fara taunawa, su biyu suka fashe da dariya, wai ba a tauna ta, haɗiya ake yi. Shekara nawa na yi a garin nan a da, amma a zango nake ci, ban taɓa zama a teburin Batone ba sai ranar.

Da na kwance zanen, Kwaku ya goge hannunsa ya karɓi akushin. Ya bi zanen bakin da yatsa, layi uku da 'yan kusurwoyi da Baba ya ƙona da jan ƙarfe. Ya sami wani ɗan lotsawa a gefe inda gizago ya zame, ya tsaya a kai. Da Turanci muke magana, yana sa Hausar zango inda ta zo masa.

"Wa ya yi wannan?"

"Mahaifina."

"Yana da rai?"

"Ya fi shekara talatin da rasuwa."

Sai ya ce a wurinsu, idan babba ya mutu, akan ɗauki kujerar da yake zama a kai a baƙanta ta da hayaƙi a ajiye a ɗaki na musamman. Ba a gyara ta, ko ta tsage. Na ce mu ba ma ajiye itace don matattu, wannan ci ake yi a cikinsa.

"To a sa masa ƙarfe," in ji shi. "Akwai maƙeri a zangonku da yake aikin tagulla. Awa ɗaya ya gama. In ni ne, haka zan yi, Alhaji."

Ga shawarar Yaya ta biyo ni har Kumasi, ta fito daga bakin Kirista. Amma ni na riga na gaya wa majalisa abin da zan je in yi, na nuna musu hotunan teburan Kwaku a waya. In tsallake iyaka uku in dawo da ƙusa biyu? Na ce rezin nake so. Ya ɗaga kafaɗa ya ce to, amma in sani rezin ba ya shiri da mai ko kaɗan, akushin nan kuwa ya sha mai na shekaru. Sai an wanke tsagar an busar da ita sarai.

Kwana uku yana wanke ta da wani ruwa mai warin asibiti, yana sa akushin a cikin akwati mai ƙwan lantarki don ɗumi ya janye danshi. Kullum in na zo sai in ga baƙin yana kwashewa. Ran na uku ya yi furu-furu kamar ƙafar da ta yi kaushi. Kwaku ya ce haka ake so. Ya ce daga yanzu har Litinin kada kome ya taɓa shi, ko gumin hannu. Ya ba ni makullin ɗakin don in riƙa wasa da injinsa idan ba ya nan.

Washegari Juma'a. Da hantsi ina ɗakin ni kaɗai, Kwaku ya kai matarsa kasuwa, sai ga waya daga gida. Jikar Yaya ce ta kira ta miƙa mata. Muka gaisa, ta tambayi hanya, ta tambayi masu masaukina, sannan ta ce, "Yau Juma'a. Ka shafa masa?"

Na ce, "Na shafa."

Ban san lokacin da maganar ta fito daga bakina ba. Yaya ce ta goya ni, ban saba ce mata ban yi abin da ta sa ni ba. Da muka ajiye waya na zauna da ƙaryar a bakina, ga shi ina shirin tafiya masallaci. Na buɗe akwatin na dubi akushin. A gidanmu barin akushi ya bushe haka abin kunya ne, Baba yakan ce da matan gida itacen da aka ci a cikinsa yana da haƙƙi. Na ce a raina ai ba tsagar zan shafa ba. Na ɗauko gwangwanin, na lakato kaɗan, na shafa a bayansa da gindinsa, na bar tazarar yatsa biyu daga tsagar ta kowane gefe. Na goge da zanen har sai da na ga kamar bai nuna ba. Na mayar da shi cikin akwatin ɗumi na rufe, na tafi masallaci da sakakkiyar zuciya, wai na gaskata maganata.

Ni da nake aikin katako, na san abin da busasshen itace yake yi da mai a wuri mai ɗumi. Na sani sarai. Ranar dai ban so in sani ba.

Ran Asabar Kwaku ya ɗauke ni jana'izar wani ɗan'uwansa. Mutumin ya yi wata uku da mutuwa, yana ajiye a sanyi ana jiran 'ya'yansa su zo daga Turai. An kafa rumfuna, kowa da baƙin zane ko ja, ga kiɗa, ga rawa, ana ta sanar da baƙi da lasifika. Na ce da Kwaku a garinmu wanda ya rasu da asuba, kafin azahar an dawo daga maƙabarta. Ya ce ya sani, kuma abin yana ba shi tsoro, kamar muna gaggawar rabuwa da mutanenmu. Na ce gaggawar kai su inda za su muke yi. Ya ce, "Mu kuma ba ma iya sakin abu da wuri." Muka bar ta a nan, aka kawo mini lemo.

Litinin da safe ya fito da akushin, ya kai shi bakin taga, ya juya shi.

"Kamar ya ɗan yi duhu. Ka taɓa shi, Alhaji?"

"Dubawa kawai na yi."

Ya dube ni, ya dubi furfurata, ya yarda. Ya manne bayan tsagar da tef, ya haɗa rezin ya sa masa launi baƙi-baƙi don ya saje, ya zuba a hankali. Muka jira kwana uku.

Ran Alhamis ya ɓare tef ɗin. Rezin ya daskare, amma gefensa ya yi fari-fari. Ya danna da babban yatsa, sai abin ya motsa kamar haƙorin da ya kusa fita. Ya kai akushin hancinsa ya shinshina. Bai ɗaga murya ba.

"Man kaɗanya. Alhaji, ai na tambaye ka."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce dole a cire wannan, don miya za ta shiga ƙarƙashinsa ta ruɓar da itacen. Ta sama ya fita da sauƙi, tun da bai kama ba. Can ƙasa kusa da gindi, inda man bai kai cikin tsagar ba, ya kama gam. Kwaku ya sa siririn ƙarfe ya ɗan ƙwanƙwasa sau biyu. A na uku tsagar ta zarce. Ƙarar ba ta fi ta ɓara goro ba. Akushin Baba ya kwanta a tebur gida biyu.

Kwaku ya ce hanya biyu ce. Ko in naɗe ɓangarorin in kai wa yayata in gaya mata gaskiya. Ko a yanke duk inda mai ya shiga ta gefen biyu, a haɗa su da faffaɗan rezin a tsakiya. Amma in an yi haka ba za su daidaita ba, sai an ɗaura shi a inji an fere ciki da waje har ya zama da'ira. Akushin da aka sassaƙa da hannu kuwa ba da'ira ba ne, don haka abin da za a cire ba kaɗan ba ne.

"Zanen bakin fa?" na tambaya.

"Zai tafi. Duk abin da hannu yake taɓawa zai tafi."

Na yini a masallacin zango ina juya maganar. Wayata tana aljihu, kira ɗaya ne tsakanina da Yaya, kuma akushin nata ne ba nawa ba. Ban kira ba. Abin da nake gani kawai shi ne ni ina shiga gari da zane a hannu, ana kwancewa a ga gida biyu, a ce ya tafi da tsaga ya dawo da fashi. Washegari na ce da Kwaku a haɗa.

Ya yanke, ya haɗa, ya zuba, muka ƙara kwana biyar. Da lokacin ferewa ya yi, ya ɗaura shi a inji da kansa, ya gwada ƙarfinsa, sannan ya miƙo mini ƙarfen yankan.

"Kai za ka yi. Ni ba na sa ƙarfe a aikin mahaifin wani."

Na karɓa. Injin ya tashi, na kai ƙarfe. Da farko sai ƙaf-ƙaf-ƙaf, yana taɓa tudun yana tsallake kwarin, don kowane saran gizago da tsayinsa. Baƙin ɓawo yana zubowa a kan ƙafafuna. Na ga layi ukun nan suna juyawa sun zama zobe ɗaya, zoben ya dusashe, ya ɓace. Da sautin ya zama ɗaya santal na san babu sauran kome. A ƙarƙashin baƙin shekara sittin itacen fari ne tas, kamar jiya aka sare shi. Na bi shi da samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, Kwaku ya shafa masa man ƙyalli hawa uku. Gaskiya ya yi kyau. Farin itace, da baƙar hanya mai sheƙi ta ratsa shi. A duk abin da na taɓa yi a inji babu kamarsa.

Da zan tafi Kwaku ya ce abu ɗaya ya rage. Da siririyar tsaga ce da babu damuwa, amma rezin mai wannan faɗi ba ya son zafi, kuma shi a matsayinsa na wanda ya yi aikin magani ba zai ce a zuba wa tsohuwa tuwo mai tururi a kai ba. A sa dabino, ko goro. Matarsa ta ba ni kwalbar yaji in kai wa Yaya. Ya raka ni tasha, muka yi musafaha, bai ce in sake zuwa ba, ni ma ban ce zan zo ba.

Dawowa ba ta da labari. Ba wanda ya tsare ni a ko'ina. Na sauka a Tsanyawa ranar kasuwa da la'asar, na hau babur zuwa gida, kuma don in jinkirta abin da nake tsoro na fara tsayawa a majalisa. Aka yi ta karɓa hannu zuwa hannu. Malam Isa ya ce wannan ai sai gidan gwamna. Wani ya ɗauki hoto.

Na sami Yaya a tabarma a ƙofar ɗakinta. Muka gaisa doguwar gaisuwa, ta tambayi kowa har matar da ta aiko da yaji. Sannan ta buɗe hannuwa, na ɗora mata. Ta auna nauyinsa. Ta bi bakin da yatsa, ta zagaya sau ɗaya, ta sake zagayawa a hankali. Ta juya shi ta laluba gefe. Ta kai shi hanci.

"Na wane ne wannan?"

"Naki ne, Yaya. Na Baba."

"Auta, idona ne kawai ya tafi."

Na zauna a ƙasa na gaya mata duka, tun daga wayar Juma'a har ƙarfen da Kwaku ya miƙo mini. Ba ta katse ni ba. Yatsanta yana ta tafiya a kan santsin, yana neman inda zai tsaya.

"Ka ce sai da ya rabe biyu?"

"Ya rabe."

"Da zanen Baba a jiki?"

"Da shi."

Sai ta ce, "Mu biyu muka rage. Da ka kawo su haka, ka riƙe ɗaya in riƙe ɗaya."

Ta miƙo mini shi. "Ungo, kai wa abokanka su ƙara gani. Ka ce da yarinyar nan ta zubo mini tuwo a kwano."

Ba ta yi fushi da ni ba, ko kuma ba ta nuna ba. Kullum da safe ina zuwa gaishe ta, tana amsawa, tana tsokanata kamar da. Ba ta sake ambaton maganar ba, ni ma haka. A kwanon silba take cin abinci yanzu. Akushin yana zaurena a kan kanta, baƙi suna yabawa, wasu har suna tambaya ko zan yi musu irinsa.

Wannan ita ce tafiyar Kumasi da kuke tambaya. Kafin in tafi akwai itace ɗaya a duniya da yake ɗauke da saran gizagon mahaifina. Yanzu babu, kuma da hannuna na fere shi.